Birkin da sai an yi famfo yake kamawa: nazarin gyaran wata mota

Motar da tarihinta

Ƙaramar mota ce mai amfani da fetur, mai jan gaba. Shekararta 11, ta ci kilomita kusan 170,000. Ƙafafun gaba faifai ne da kalifa (abin da ke matse faifan), na baya kuma durom ne da takalmi, kuma tana da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi. A murfin ƙoƙon man birki an rubuta DOT 4, wato ajin man birkin da ya dace da ita. Mai motar na hannu ya saye ta, shekara 4 tana wurinsa. Ba ya wasa da juyen baƙin mai, amma man birki ba a taɓa juye shi ba tunda ta zo hannunsa. In ya ga ya yi ƙasa sai ya ƙara. Babu wata takarda da ta nuna wanda ya riƙe ta kafin shi ya taɓa juyewa.

Akwai abu ɗaya game da tsarin birkinta da zai yi amfani nan gaba. Mastan birki, wato silindar da ke tura mai zuwa ƙafafu in an taka feda, ɗaki biyu gare shi, kowane ɗaki da hanyar mansa, kuma hanyoyin a giciye suke: ɗaya na ciyar da gaba ta dama da baya ta hagu, ɗayan na ciyar da gaba ta hagu da baya ta dama. Haka akasarin motoci masu jan gaba suke, domin in hanya ɗaya ta fashe a samu ƙafa ɗaya a gaba, ɗaya a baya, da za su tsayar da mota.

Watanni biyu kafin abin ya bayyana

Feda ta fara yin nisa a hankali, yadda mai tuƙa motar kullum ba zai lura da wuri ba. Takun farko yakan yi ƙasa fiye da yadda aka saba, in aka saki aka sake takawa nan take sai ya kama a sama. Hambirki ma ya ƙara tsawo: da a ƙara 5 ko 6 (ƙarar da yake yi in ana jansa) yake riƙe mota, ya koma sai ya yi 10. Babu fitilar gargaɗi da ta kama, babu ɗigon mai a inda ake ajiye motar.

Ranar gangara

Motar na ɗauke da mutum biyar da kaya a but, ta biyo wata doguwar gangara mai lanƙwasa da yawa, direba kuma ya ɗora ƙafa a birki kusan duk tsawon hanyar ba tare da ya sauko da giya ba. Dab da ƙarshen gangarar ya taka, feda ta tafi kusan ƙasa babu nauyi. Ya yi famfo da sauri sau da yawa, ya ja hambirki a hankali, motar ta tsaya a gefen hanya. Ƙafafun gaba na warin ƙuna. An buɗe bonet, mai na nan a ƙoƙo tsakanin alamar MIN da MAX. Bayan kimanin minti 40 birkin ya dawo yadda yake da safe, aka ƙarasa tafiya a hankali.

Rana ta 2: ƙarin mai

Mai motar ya sayi ƙaramar robar DOT 4, ya cika ƙoƙon har ya ɗan wuce MAX. Feda ba ta canza ba.

Rana ta 6: sabon fad a gaba

A gareji na farko an cire tayoyin gaba, aka tarar fad, wato abin da ke gogar faifai, ya rage milimita 3, fuskarsa ta yi sulɓi da ƙyalli saboda zafin da ya sha. Aka sa sabo. Wajen mayar da fistan cikin kalifa ba a buɗe bilida ba, wato ɗan notin nan mai rami da ake fitar da iska ta cikinsa, saboda haka tsohon man da ke kalifa ya koma sama. Da yake an cika ƙoƙo kwana huɗu da suka wuce, sai ya yi ambaliya ya zubo a jikin ƙarfen da ke ƙarƙashin masta. An wanke wurin da ruwa nan take, domin man birki na cin fenti. Kamun birki ya ɗan gyaru bayan fad ɗin ya zauna, amma nisan feda da laushinta na nan.

Rana ta 9: cire iska na gaggawa

Mai motar ya koma, aka ce iska ce. An yi aikin a ƙafafun gaba kaɗai, ba tare da tiyo ko kwalba ba. Yaron gareji na ciki yana famfo da sauri sau goma ko fiye, yana danne feda har ƙasa, ana buɗe bilida mai na fesowa a taya. Aƙalla sau biyu ya ɗaga ƙafa kafin a rufe. Ana tsakiyar aikin gaba ta dama aka ji bilida na tofar da kumfa, aka leƙa ƙoƙo aka ga ya kusa ƙafewa. Aka cika, aka ƙara bugu uku, aka ɗaure.

Bayan wannan feda ta fi da laushi. Takun farko na kaiwa dab da ƙasa, sai an yi famfo sau uku take tsayawa, kuma ko ta tsaya tana lotsawa kamar an taka soso. Aka shaida wa mai motar cewa masta ne ya mutu, a sayo sabo. Ya yi kwana uku yana tuƙa ta haka, kuma a cikinsu sau ɗaya ya taka birki da ƙarfi a hanya mai yashi har ya ji ABS na karkarwa a ƙafarsa.

Rana ta 12 da safe: bincike kafin a taɓa komai

A gareji na biyu makaniken ya fara da awo. Inji na aiki, aka taka feda taku ɗaya da ƙarfi, aka sa tef tsakanin fuskar feda da daɓen mota: santimita 2. Da famfo uku tana tsayawa a santimita 6. An riƙa maimaita wannan awon bayan kowane mataki, mutum ɗaya ke takawa don ƙarfin ya zo ɗaya.

Gwajin masta shi ne na gaba. Aka yi famfo har feda ta tsaya, aka riƙe ta da matsakaicin ƙarfi na daƙiƙa 30, sannan aka maimaita da taku marar ƙarfi, domin robar masta da ta gaji ta fi barin mai ya sulale in matsin kaɗan ne. Feda ba ta nutse ba ko kaɗan a duka biyun. An duba mahaɗar masta da busta, wato baƙar tukunyar nan da ke bayansa mai sauƙaƙa taku, babu danshi. Ita ma bustar an gwada ta: aka kashe inji, aka taka sau biyar har feda ta yi tauri, aka riƙe aka tayar da inji, feda ta ɗan sauka. Haka lafiyayya take yi.

Daga nan aka ɗaga motar a kan jakuna huɗu masu tsayawa, aka cire tayoyi. Bututun ƙarfe babu tsatsa mai ci, tiyo huɗun babu tsagewa, kuma babu wanda ya kumbura lokacin da ake danne feda. Kalifa biyun a bushe suke, bilidar kowacce a sama take. Wannan dubawar na da dalili: in aka taɓa musanya kalifar hagu da ta dama, bilida takan koma ƙasa, iska kuma sama take taruwa, ko kwana aka yi ana bugu ba za ta fita ba.

An matse tiyo huɗun da maƙalar da aka yi don wannan aiki, mai baki marar kaifi, domin filaya na raunata zaren cikin tiyo. Da aka raba masta da ƙafafu gaba ɗaya haka, lafiyayyen birki feda takan tsaya cak a sama. Wannan ta tashi, amma da sauran lotsawa. Aka riƙa sakin maƙala ɗaya bayan ɗaya. Sakin gaba ta dama ya ƙara laushi, sakin baya ta hagu kuma ya sa feda ta yi nisa sosai. Sauran biyun ba su canza wani abin kirki ba.

Da aka buɗe durom na baya ta hagu, silindar ƙafar a bushe take har ƙarƙashin robar ƙura. Takalmin na da sauran nama, amma ɗan ƙarfen mai haƙora da ke matso da takalmi kusa da durom da kansa ya daskare da ƙura da tsatsa. An kwance shi, aka wanke, aka shafa masa ɗan giris mai jure zafi, aka saita takalman ɓangarorin biyu har suna ɗan shafar durom. Hambirki ya dawo ƙara 6. Awon takun farko ya tashi daga santimita 2 zuwa 4.

Sai man kansa. Launinsa ya koma ruwan shayi mai duhu, da baƙin dauɗa a gindin ƙoƙo. Launi kaɗai ba ya faɗin yawan ruwa, don haka aka gwada. Ɗan alƙalamin gwaji mai fitilu ya kai fitilarsa ta ƙarshe, kashi 4 cikin 100. Shi wannan alƙalamin yadda lantarki ke ratsa mai yake aunawa, kintace ne kawai yake bayarwa. Aka tsiyayi mai daga kalifar gaba ta hagu aka sa a na'urar da ke tafasa shi: ya tafasa a digiri 148 na Salshiyas.

Ga abin da za a auna wannan adadi da shi. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 duk da sinadarin gilaikol ake yin su, wanda ke zuƙar danshi daga iska, ta numfashin murfin ƙoƙo da ta jikin tiyon roba. Ma'aunin FMVSS 116 na Amurka, inda lambobin DOT suka samo asali, ya ce sabon DOT 4 kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, in kuma ya sha ruwa kusan kashi 3.7 cikin 100 kada ya gaza digiri 155. Na DOT 3 digiri 205 ne da 140, na DOT 5.1 kuma 260 da 180. Man wannan motar ya faɗi ƙasa da iyakar da aka yanka wa jiƙaƙƙen DOT 4.

Rana ta 12 da yamma: juyen mai

Kayan da aka tanada: lita 1 ta DOT 4 a rufe da hatiminta, sirinji mai tsabta wanda bai taɓa ganin baƙin mai ba, tiyo mai gani-har-hanji da ke kama kan bilida tsam, kwalba mai ɗan sabon mai a gindi, sifanar zobe lamba 8 da lamba 10, sifanar bututu mai tsaga, da guntun katako mai kaurin santimita 3. Tsabtar sirinji da mazurari ba ƙaramin abu ba ce a nan. Ɗigon baƙin mai ko man giya ko fetur na kumbura robobin birki, kuma in hakan ta faru duk wata roba da ke cikin tsarin sai an canza ta. Haka nan DOT 5, duk da kusancin suna, na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran ukun.

An goge bilida huɗun da buroshin ƙarfe, aka fesa musu man kwance tsatsa aka bar su minti 15. An zuƙe tsohon mai daga ƙoƙo amma an bar kaɗan da ya rufe ramukan da ke gindi, aka wanke ragar bakin ƙoƙon, aka cika da sabo. Katakon an sa shi a ƙarƙashin feda. Amfaninsa shi ne a tsohuwar mota fistan masta ya shekara yana kai-komo a iyakacin wuri guda, can ƙuryar kuma laka da tsatsa kan taru. In aka danne feda har ƙasa, roba na bi ta kan wannan kaushin ta yage.

Tunda gwajin maƙala ya nuna iska a sama, daga masta aka fara. Aka shimfiɗa tsumma a ƙarƙashi, mataimaki ya danna feda a hankali, aka ɗan sassauta notin bututu guda har mai ya tsattsafo, aka ɗaure kafin ya saki. Bututun da ke zuwa gaba ta dama da baya ta hagu ya yi tsartuwa da kumfa sau huɗu kafin mai ya zo zalla. Ɗayan tun bugun farko babu kumfa.

A ƙafafu an bi jerin da littafin motar ya bayar: baya ta dama, baya ta hagu, gaba ta dama, gaba ta hagu, wato daga mafi nisa da masta zuwa mafi kusa. Ba kowace mota ke bin wannan jeri ba, akwai waɗanda daga gaba ake farawa, akwai masu bin giciye. A kowace ƙafa sifanar zobe ake fara sawa, sannan a cusa tiyo a kan bilida, a ɗaga shi ya yi sama kaɗan kafin ya gangara cikin kwalba, bakinsa a nutse cikin mai. Maganar da ke tsakanin mutum biyun gajeriya ce kuma ba ta canzawa:

"Danna."

"Na danna, maigida."

Sai a buɗe bilida kwatan juyi, feda ta sauka a hankali har ta taɓa katako.

"Ta sauka."

A rufe bilida tukuna, sannan a ce, "Saki."

Ana jiran daƙiƙa uku zuwa biyar kafin a sake, don masta ya cika. Babu famfon sauri, domin shi ke farfasa babban kumfa ya koma ƙanana da ke rataye cikin mai, su ƙi fita sai sun kwanta. Bayan kowane bugu biyar ana leƙa ƙoƙo a cika, ba a bari ya sauka ƙasa da rabi.

Baya ta dama ta ci kusan mililita 200 kafin man da ke bin tiyo ya koma garau, kuma babu kumfa. A baya ta hagu aka buɗe bilida, ko ɗigo bai fito ba. Hular robarta ta daɗe da faɗuwa, laka ta toshe ramin. An matse tiyon ƙafar, aka zare bilidar gaba ɗaya aka sa sabuwa, aka saki maƙala. Mai ya zo baƙi, sai jerin kumfa a bugu na shida zuwa na tara. Gaba ta dama ce ta fi kowacce iska: manyan kumfa da farko, sannan ƙanana da suka ci gaba da fitowa bayan an ɗan bubbuga kalifa da ƙotar sukundireba. Gaba ta hagu kumfa biyu ko uku kawai ta bayar. Kowace ƙafar gaba ta ci kusan mililita 150. An ɗaure bilidu da ƙarfin da littafi ya ce, wanda bai kai Nm 10 ba (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), domin ƙaramin abu ne mai rami, cika ɗauri na karya shi. Aka mayar da huluna, aka wanke wuraren da mai ya taɓa, aka tsayar da ƙoƙo a MAX daidai. Tsohon man an zuba shi a robar da aka rufe don kai wa masu karɓar irin wannan shara.

Awon takun farko: santimita 8, babu lotsawa, taku na biyu bai ƙara tsawo ba.

Rana ta 13: laushi ya ɗan dawo

An gwada motar a fili, da farko a kilomita 20 a awa, sannan 40, birki na kamawa daidai ba ya ja gefe. Aka taka da ƙarfi a wuri mai tsakuwa don ABS ya yi aiki. Yana gama karkarwa feda ta sauka zuwa santimita 6, da ɗan laushi.

A cikin akwatin ABS akwai famfo da ƙananan ɗakunan ajiye mai waɗanda bawul ke rufewa a tuƙin yau da kullum. Cire iska da ƙafa ba ya ratsa su. An haɗa kwamfutar binciken mota, aka zaɓi aikin cire iskar ABS, wanda ke kunna famfon yana buɗe bawul-bawul bi da bi, aka bi umarnin da take bayarwa ƙafa bayan ƙafa. An buɗe sabuwar roba ta rabin lita don wannan. Kumfa ƙanana sun fito a gaba ta dama da baya ta hagu, sauran biyun babu. Feda ta koma santimita 8. An sake tayar da ABS sau uku a kan tsakuwa, awon bai motsa ba. Man da aka tsiyaya daga kalifa ya tafasa a sama da digiri 240.

Bayan wata 3

Awon takun farko na nan a santimita 8. Mai na nan a inda aka bar shi, bilidu a bushe. Motar ta sake bin gangarar da kaya, wannan karon a giya ta biyu da ta uku, feda ba ta canza ba. An rubuta watan juye a takarda aka liƙa kusa da ƙoƙo, da wa'adin shekara 2, wanda shi ne abin da kamfanonin mota da yawa ke bayarwa.

Hukunci

Matsala uku ce ta haɗu a feda ɗaya, kowacce da alamarta. Nisan takun farko da tsawon hambirki na watanni biyun farko daga takalmin baya ne da ya yi nesa da durom: mai na ƙarewa wajen cike gibin kafin matsi ya taru, shi ya sa taku na biyu ke kamawa a sama. Ɓacewar birki a gangara kuwa ruwa ne. Zafin kalifa ya wuce digiri 148, man ya tafasa ya yi tururi, tururi kuma na matsuwa, mai ba ya matsuwa. Da ya huce tururin ya koma ruwa, birki ya dawo kamar ba a yi komai ba. Wannan dawowar ce mafi haɗari a lamarin gaba ɗaya, don ita ke sa a ɗauka abin ya wuce. Gibin takalmin baya ya taimaka wajen haɗa zafin, tunda gaba ce ke ɗaukar aikin da baya ta bari.

Matsala ta uku, iska, babu alamar tana cikin motar kafin rana ta 9. A wurin gyara ta shiga, lokacin da ƙoƙo ya ƙafe ana aikin gaba ta dama, da lokutan da aka ɗaga ƙafa bilida na buɗe. Shaida ita ce kusan duk kumfan a hanyar giciye guda aka same shi. Tuƙin kwana uku da tashin ABS a kan yashi su suka shigar da wani ɓangarensa cikin akwatin. Motar da fedarta ke tsayawa santimita 2 daga daɓe bai kamata ta bar gareji da ƙafarta ba.

Ƙarin mai na rana ta 2 ba zai yi komai ba, domin man ƙoƙo ba ya zagayawa zuwa kalifa, jiƙaƙƙen da ke can yana nan inda yake. Canjin fad ya dace tunda ya ƙone, sai dai ba shi ke kawo laushi ba, kuma da an matse tiyo an buɗe bilida lokacin mayar da fistan, da man da ya fi kowanne dahuwa ya fita waje maimakon ya koma ta cikin ABS.

Masta lafiyarsa ƙalau, gwajin daƙiƙa 30 ya isa ya nuna haka. Da a ce feda ta riƙa nutsewa a hankali ƙarƙashin ƙafa alhali babu yoyo a ko'ina, to da shi ne, kuma juyen mai ba zai warkar da shi ba. A irin wannan hali sabon mastan ana cire masa iska a kan benci kafin a ɗaura shi, sannan a bi ƙafafu huɗu da akwatin ABS kamar yadda aka yi a rana ta 12 da ta 13.